Keken da Ya Durƙusa a Hanyar Shagari

Gwiwarsa ta hagu ba ta gama warkewa ba, don haka mai wannan rubutu ya nemi alfarmar a bar shi ya ba da labarin kamar ga wani abin ya faru. Mu kira shi Malam kawai, tunda haka yaran da suka tsaya a kansa suka kira shi, suna ƙyaƙyata dariya.

Malam ya sayi keken hawan tsauni na gwanjo a Sakkwato, bayan ya shafe mako uku yana ƙona data a kan tambaya ɗaya: taya mai inci 27.5 ko mai inci 29? Darasin kam ya haddace shi. Inci 26 ne tsohon ma'auni, tun lokacin da samarin Kalifoniya suka fara gangarowa daga duwatsu a kan kekuna a shekarun 1970. Mai 29 ta bazu ne daga farkon shekarun 2000, kuma yau ita ce abin hawan 'yan tseren daji, tseren da ya shiga gasar Olamfik a Atlanta a 1996. Babbar taya ta fi iya haye dutse da gargada, kuma in ta ɗauki gudu ba ta saurin saki. Ƙarama ta fi saurin tashi da daɗin karya kwana. Malam ya dubi tsawonsa, ya dubi hanyoyin burji da ke tsakanin Boɗinga da Shagari, ya ɗauki 29. Har gobe yana nan a kan cewa bai yi kuskure ba.

Matsalar tana ga shokozobar gaba. Milimita 100 take lotsawa, kuma babu sifirin a cikinta, iska ce zalla. Ƙa'idarta ita ce idan mutum ya hau, ta nutse kamar kashi 20 cikin 100, sauran ya rage don ramuka. Da wani ɗan famfo na musamman ake gwada wannan, kuma mai gwanjon bai taɓa ganin irinsa ba.

A Boɗinga Malam ya tsaya wurin wani mai faci don a ƙara wa taya iska, sai bakinsa ya ja masa. Ya shiga yi wa mutumin lacca a kan shokozoba mai iska. Mai faci ya kwance murfin, ya ga bawul irin na babur sak, ya sa farce ya danna don ya ji ko gaskiya ne. Fiiit! Ɗakin iskar bai kai cikin kofin shayi ba, ya huce nan take. Mutumin bai damu ba. Ya jawo tiyon injinsa ya kafa, rabi na shiga rabi na tsiyaya, ya cire ya ce, "Ta yi, Malam." Tayoyin kuwa, waɗanda a rairayi suka fi son a bar su da ɗan taushi, ya ɗura musu iska har suka koma kamar dutsen niƙa. Malam ya biya, har da godiya.

Ya bar kwalta ya bi burtali, yana raya wa kansa cewa wannan ƙasa ce dawakan jama'ar Shehu Ɗan Fodiyo suka tattaka lokacin da yake zaune a Sifawa, kafin ya koma Sakkwato a 1815. Bai tuna cewa su ba su nemi shokozoba ba.

Kusa da Shagari akwai wata gangara da ke faɗawa cikin busasshen rafi. A ƙarƙashin bishiyar bakin rafin ga 'yan mata masu tallan fura da nono, ga yara da jakuna biyu, ga wani dattijo ya jingine kekensa yana hutawa. Da babu kowa, da Malam ya sauka ya tura. Amma akwai 'yan kallo. Ya miƙe a kan feda kamar yadda ya gani a bidiyo, ya saki keke.

A tsakiyar gangarar ya hangi rairayi, ya tsorata, ya damƙe birkin hagu. A kekunanmu na gado da kuma babur, hannun dama ne birkin gaba. A kekunan Amurka da mafi yawan na Turai, hagu ne gaba, kuma wannan birkin mai faifai ne, yatsa ɗaya ya ishe shi. Malam yatsu huɗu ya sa.

Ya sha maimaita abin da ya biyo baya a ransa, kullum a hankali yake zuwa masa. Shokozoba ta nutse duk milimita 100 ɗin a lokaci guda, ta buga ƙasa, ƙwas! Keke ya durƙusa kamar raƙumin da za a sauke wa kaya. Sirdi ya taso ya tura shi daga baya. Ya ga kan keken ya wuce ta ƙarƙashin cikinsa, ya ga sama a inda ƙasa take, ya ga jaki a kife yana kallonsa. A cikin iskar nan har ya sami sukunin tunanin cewa tayar baya tana juyawa da kyau. Sannan kaftani ya rufe masa fuska, ya sauka a cikin ƙarangiya, takalmi ɗaya ya yi gabas, keken kuma ya biyo shi ya kwanta masa a gadon baya kamar mai ba da haƙuri.

Shiru ya ɗan ratsa, wanda ya isa a tabbatar yana numfashi. Sai wata yarinya ta fashe, sauran suka karɓa.

Dattijon ne ya ɗaga keken. Ya danna kansa, ya ga ya lotsa, ya sake dannawa.

"Sannu, yaro. Ashe ƙahwar wanga keke a karye take."

"Baba, ba karyewa ta yi ba, haka aka ƙera ta. Shokozoba ce."

"Awo. To kai ta ga mai walda ya liƙe ta. Keke mai lahiya ba ya rawa."

Wani saurayi ya ce a ɗura mata baƙin mai. Wani ya ce a cusa guntun katako. Mai furar da ta fara dariya ta ce ita dai a ganinta Malam ya riƙa sauka yana turawa, kamar yadda ƙanenta ke yi. Malam, yana cire ƙarangiya daga wuya, ya yi ƙoƙarin ceto sauran mutuncinsa da bayanin cewa tayarsa inci 29 ce, ta fi ta kowa girma a wurin.

Dattijo bai yi musu ba. Ya turo tsohon Raleigh ɗinsa mai birkin ƙarfe, ya jera su gefe da gefe, ya ce a duba. Aka duba. Rim ɗin tsohon keke mai inci 28 milimita 635 ne. Na mai 29 kuwa 622 ne, kaurin roba ne kawai ke cika masa suna. Mako uku na bincike, ashe ƙarfen ƙafar keken Baba ya ɗara nasa da milimita 13. Dattijo ya gyara buhun da ke bayan kekensa, ya tura ya haye rairayin, ya hau ya tafi.

Haka Malam ya shiga Shagari, garin da ya ba Najeriya shugaban ƙasa daga 1979 zuwa 1983, yana ɗingishi yana tura keke, yara biyar na take masa baya. Sai da ya koma gida ya lura da wani ɗan shuɗin makunni a saman shokozobar. Ya murɗa shi, ta ƙame ƙam. Wato masu ƙera ta ma sun tanadi shawarar Baba, ba tare da an je wurin mai walda ba.

Keken yana zaure a jingine. Wanda duk yake da famfon shokozoba tsakanin Boɗinga da Shagari, don Allah ya taimaka da aro, kuma kada ya tambayi yadda aka yi.