Malam, Duhun Nan Kuɗi Muka Biya

Duk wanda ya cire sama da fam 10 ya sayi tikitin silima a Landan ya san cewa bayan 'yan watanni fim ɗin zai iske shi har ɗaki, ya kalla yana kwance da kofin shayi a gefe. Abin da ya sa ya ratsa sanyi ya hau jirgin ƙasa ya zo shi ne abubuwa uku da gida ba ya bayarwa: ƙaton allo, duhu da shiru. Allon na masu gidan ne, su ke kula da shi. Duhun da shirun kuwa amana ce a hannun 'yan kallo, kuma dukiya ce da ba ta rabuwa, domin ba yadda za a yi mutum ya yanki nasa kason duhun ya ɓata shi kaɗai ya bar wa sauran nasu. Saboda haka wanda ya kunna waya a tsakiyar fim ya ci haƙƙin duk wanda ke zauren, kuma abin takaici, wasu 'yan'uwanmu mazauna ƙasashen waje sun ƙware a wannan sana'a har sun kai matsayin koyar da ita.

Gwanayen kashi uku ne. Na farko shi ne mai raɗa. Wayarsa za ta ɗauki ruri daidai lokacin da jarumi ke shirin tona asirin wanda ya kashe ubansa, sai ya lalubi aljihun riga, ya lalubi na wando, ya tashi tsaye ya cire rigar sanyi, kafin ya gano tana hannunsa. Daga nan sai ya duƙa ya fara abin da a ganinsa raɗa ce: "Ranka ya daɗe Baffa, lafiya lau wallahi. Ya gida, ya iyali, ya jikin Inna? Ai ina cikin silima ne, ba halin magana." Minti biyar zai kwashe yana bayanin cewa ba halin magana, har Bature da ke layi na uku ya haddace sunayen iyalan Baffa. Na biyu shi ne mai fitila, wanda ba ya cewa uffan, sai dai duk bayan minti uku ya zaro waya ta haske fuskarsa kamar cocilan ɗin maigadi, ya duba ko duniya ta tashi a zauren WhatsApp na tsofaffin ɗalibai, ya ga ba ta tashi ba, ya mayar, ya sake zarowa don tabbatarwa. Na uku shi ne mai shaida, wanda bai zo kallon fim ba, ya zo ne a san ya zo. Zai ɗauki hoton tikiti, ya ɗauki gugguru, ya ɗauki allo, ya ɗora a sitatus, sannan ya ƙarasa sauran sa'a biyun yana ƙirga waɗanda suka gani.

Kada wani ya ɗauka cutar tamu ce mu kaɗai, don masu gidajen silima sun daɗe suna kokawa da ita tun kafin da yawanmu su samu biza. A 2004 gwamnatin Faransa ta amince a sa na'urar toshe sabis a gidajen silima da na wasan kwaikwayo. Kamfanin Alamo Drafthouse na jihar Texas a Amurka ya yi suna wajen korar duk wanda aka kama yana latsa waya ba tare da an mayar masa da kuɗinsa ba, kuma a 2011, da wata da aka kora ta bugo ta zazzaga musu masifa, sai suka ɗauki muryar tata suka mayar da ita tallar gargaɗi da ake sawa kafin fim. A 2012 gidan silima na Prince Charles da ke Landan ya samo 'yan sa-kai ya sa musu baƙaƙen kaya tun daga kai har ƙafa, suna laɓe cikin duhu, da ka taɓa waya sai ka ga mutum ya ɓullo a gefenka. A 2016 shugaban kamfanin gidajen silima na AMC, Adam Aron, ya furta cewa wataƙila su ware wasu zauruka da za a yarda a riƙa tura saƙo don jawo matasa. Jama'a suka yi masa ca, cikin 'yan kwanaki kamfanin ya lashe amansa. Idan ɗan kasuwa mai neman riba ya gwada sayar da wannan 'yanci kuma masu saye suka ce ba sa so, an gama shari'a.

Mai raɗa yana da hujjarsa, kuma ba ta wasa ba ce. Zai ce mutumin da ya bar iyaye da dangi a gida ba ya kashe waya, domin ba a san abin da dare zai haifa ba, kuma ƙin ɗaga kiran babba rashin tarbiyya ne. Gaskiya ne zumunci wajibi ne, kuma wanda ke nesa zuciyarsa kullum a tsinke take. Amma a duba agogo. Ƙarfe 8 na dare a New York ƙarfe 1 ne ko 2 na dare a Kano, gwargwadon lokacin shekara, kuma galibin dattawan da ake fakewa da su sun yi barci tun bayan Isha'i. Wanda ke kira a wannan lokaci yawanci aboki ne da barci ya ƙi ɗauka, yana so ya ji nawa ake canjin dala. In kuwa da gaske gaggawa ce, masu ƙera waya sun tanadi yadda za ta girgiza a aljihu ba tare da ta yi kuka ba, magina kuma sun tanadi ƙofa mai alamar haske a kowane zaure. Girmama Baffa ya fi cika idan aka fita waje aka gaishe shi da cikakkiyar murya, maimakon a gaishe shi a duƙe ana harbe-harbe a bayan murya, har ya kwana yana zaton yaƙi ya ɓarke a Ingila.

Hujja ta biyu ta fi daɗin ji: wai mu ba mu saba kallon kurame ba. Ana tuna zamanin Plaza da El Dorado a Kano, silima marar rufi, inda in Amitabh Bachchan ya kai wa mugu naushi sai wuri ya kaure da sowa da fito, wani ma ya miƙe yana faɗa wa jarumi ya waiwaya ga abokin gaba a bayansa. Duk an yi haka, kuma har gobe gidajen kallon ƙwallo ba su san shiru ba. Sai dai waccan hayaniyar ta fim ɗin ce. Jama'a ne suka haɗu a kan abu ɗaya suna jin daɗinsa tare, mai ihu da mai dariya duk idonsu na kan allo. Mai waya kuwa ya fice daga taron, ya tafi wani gari da hankalinsa, ya bar gangar jikinsa tana damun mutane. Ban da haka, babu wanda zai koya wa Bahaushe cewa akwai wurin da ake kashe waya. Da wuya ka shiga babban masallaci ba ka ga takarda a bango tana roƙon haka ba, kuma kowa ya san irin kallon da ake yi bayan sallama wa wanda wayarsa ta rera waƙa a raka'a ta biyu. Silima ba masallaci ba ce, amma yatsan da ya iya danna maɓallin a can bai manta hanyarsa ba.

Hujja ta ƙarshe ita ce ta masu zafin kai: "Kuɗina na biya, kuma Turawan ma suna yi, don sun ga baƙar fata ne suke harara." Wariya tana nan a Turai da Amurka, ba mai musu, amma ba kowace harara ce wariya ba, wata ladan aikinka ce. A 2013, da rahotanni suka ce mawaƙiya Madonna ta yi ta latsa waya ana nuna fim ɗin 12 Years a Slave a bikin fina-finai na New York, shugaban Alamo Drafthouse, Tim League, ya ce kada ta sake taka gidajensa sai ta nemi afuwa. Wanda bai ɗaga wa Madonna ƙafa ba, ba launin fata yake kallo ba. Batun biyan kuɗi kuwa, kujera ɗaya ka saya, mutum ɗari da ke kewaye da kai su ma ba sadaka aka ba su tikiti ba. Shi kuma mai shaida gara ya sani cewa tun 2005 dokar tarayya a Amurka ta mayar da ɗaukar fim daga allon silima laifin da kan iya kai mutum kurkuku har shekara 3, Japan ma ta yi irin tata dokar a 2007. Zai yi wuya a bayyana wa mutanen gida cewa ɗansu da ya tafi karatun digiri na biyu yana hannun hukuma saboda sitatus.

Hausawa sun ce in ka je gari ka ga kowa da jela, kai ma ka nemi taka ka ɗaura, kuma wannan jelar ba ta da nauyi ko tsada: danna maɓalli ɗaya ne da haƙurin sa'a biyu. Wanda ya san zai iya, ya sanar da gida kafin ya shiga, ya kashe ƙarar, ya tura wayar can ƙasan aljihu. Wanda ya san ba zai iya ba, ya zauna a ɗakinsa ya jira fim ɗin ya iske shi, ya amsa kiran Baffa da na mai tambayar canjin dala yadda ransa ke so, ya bar wa bayin Allah duhun da suka saya da guminsu.