Ayarinmu Na Neman Mutum, Ni Kuwa Na Zaɓi Roƙo

Mayaƙina ya rasu ranar Litinin bayan isha'i, a kan tabarma, tsakanin butar shayi da kwanon gyaɗa. Kada wanda ya ɗauko carbi ya nufo gidanmu gaisuwa, mutumin takarda ne. Wata bakwai ina rainonsa da fensir, na saya masa takobi, na yi masa sulke, sannan na tura shi ya leƙa wata tsohuwar rijiya shi kaɗai, alhali mutum huɗu suna ce mini in dakata. Na jefa ɗan lido ya tsaya a kan 2. Abin da ke cikin rijiyar bai tsaya gaisawa ba.

Na san halin masu karatuna. Tun daga nan wani ya taɓe baki ya ce, "Malam, da furfurarka?" Wani Alhaji can cikin birnin Daura ya gyara zaman hularsa ya ce, "Mutanen Mai'adua ke nan, in kasuwa ta ci ranar Lahadi ta watse, sauran kwana shida sai neman abin yi." Na ji, na gode, Allah ya bar zumunci. Amma ku matso, tunda dai ku ma ba ku tashi daga dandalin lido da karta ba sai sha biyun dare.

Sunan wasan Dungeons & Dragons. Wasu Amurkawa biyu, Gary Gygax da Dave Arneson, suka fito da shi a 1974. Ɗan yayata ne ya zo mana da shi daga jami'a, littafin dokokin a cikin waya, 'ya'yan lidon a ɗaure cikin safa. Wani mai fuska 4, wani 6, wani 8, har da babbansu mai fuska 20. In a taƙaice kuke so, tatsuniya ce wadda masu sauraro ke da baki a cikinta. Mutum ɗaya, mu muna kiransa uban wasa (a wurinmu ɗan yayata ne), shi ke cewa ga gari, ga daji, ga dodo. Sauran kowa yana riƙe da mutum ɗaya a cikin labarin, ya faɗi abin da mutuminsa zai yi, ɗan lido ya yanke ko ya yiwu ko bai yiwu ba. Da a ce haka iya take ba mu labarin Gizo, da tuni mun hana shi shiga gonar sarki, ko kuma mun raka shi.

Mai cewa caca ce, ya zo ya gani, ba a aza ko sisi. Mai cewa tsafi ne, ya makara, Amurkawa sun riga shi. A shekarun 1980 sun yi ta wannan kururuwa har masu buga littafin suka cire kalmomin shaiɗanu daga bugun 1989, suka laƙa musu wasu sunaye. Mu nan tun daren farko muka yi namu tankaɗe da rairaya: gumakan da ke cikin littafin muka bar wa masu shi, muka ɗauki daji da ƙofofin gari da 'yan fashi, waɗanda dama ba baƙinmu ba ne.

To, ga inda gizo ke saƙar. Wanda mutuminsa ya mutu ba ya tashi daga tabarma, sabon mutum zai ƙirƙira, kuma tambayar farko ita ce: mece ce sana'arsa? Bugun farko sana'a uku kacal ya ba da, mayaƙi da mai sihiri da mai warkarwa. Littafin 2014, wanda muke bi, ya kawo goma sha biyu. Muka yi musu sunayen gida: ɗan tauri, barde, maharbi, ɗan dambe, boka, mai magani, ɓarawo, maroƙi, da sauransu. Kowanne da abin da ya iya da inda yake da rauni.

Masu dariya, ku dakata in tuna muku abinku. Wa ya taɓa yin langa kowa ya ce shi ne ruwa? Dole a sami dawakin da za su tare masa. Kakanninku da kuke taƙama da su, in kaka ta yi aka shirya kalankuwa, ƙato mai mata biyu yake yin shigar Gwamna, wani alƙali, wani likita, wani ɗan doka, a yi kwanaki ana shari'ar wasa, ba wanda ya ce musu da furfurarku. Fataken da suka riƙa zuwa Gwanja sayen goro kuwa, ba taron yuyuyu suke tafiya ba. Akwai madugu, akwai jagaba mai sanin hanya, akwai uban dawaki, akwai malamin ayari mai rubutu da duba ranar tashi. Shi ya sa ma muke kiran ƙungiyarmu ayari. Turawan nan da fensir suka gano abin da fatake suka gano da ƙafa.

Sai dai namu ayarin, in madugun kirki ya gan shi, kuka zai yi. Telan unguwarmu ɗan tauri ne. Malamin firamare maharbi. Mai cajin waya ɗan dambe. Ƙanena barde, da doki da lifidi. Ni kuma marigayi mayaƙi. Mutum biyar, duka da sara da harbi, ba mai ɗaure rauni, ba mai iya magana da baƙo. Duk garin da muka shiga sai mun fita da gudu. Akwai daren da aka aike mu sayen gishiri kawai, muka dawo an ƙone rabin kasuwa, gishirin ma ba mu samo ba.

Ba sai an yi duba ba, laifin rijiyar Kusugu ne. Duk yaron da ya tashi a ƙasar Daura, da ya ji an ce zaɓi jarumi, Bayajidda yake gani a madubi. Ni ma abin da ya kai mayaƙina bakin rijiya ke nan. Amma ku sake bin labarin a hankali. Wuƙar da ya sare macijiyar Kusugu da ita, maƙeran Gaya ne suka ƙera masa. Da ya iso Daura da dare, tsohuwa Ayana ce ta sauke shi, ita ta gaya masa ba a samun ruwa sai Juma'a, ita ta ba shi guga. Cire maƙera, cire tsohuwa, cire guga, me ya rage? Baƙo mai ƙishirwa a kan doki. Kuma da ba a sami masu baki da suka riƙa maimaita labarin ba har ya iso gare mu, da yau wa zai je Kusugu ya sha ruwa ya ɗauki hoto?

Ɗan yayata ya miƙo mini farar takarda ya ce, "Kawu, don Allah wannan karon kada ka ɗauki mai takobi."

Muka fara bi ɗaya bayan ɗaya. Boka ya fi kowa abin mamaki, amma ya fi kowa saurin mutuwa: lafiyarsa da ɗan lido mai fuska 6 ake auna ta, ta ɗan tauri da mai 12. Ban da haka, katangar gidana gajera ce. Ranar da uwargida ta ji ana cewa "boka, bisimilla, kai ake jira," sai dai in kwana a zaure. Ɓarawo, wanda aka ƙara cikin wasan a 1975, yana da amfani ƙwarai, shi ke buɗe kwaɗo, shi ke gano tarko kafin a taka. Amma a garin da ake cika da shanu da raƙuma da kuɗi duk ranar Lahadi, mutane daga Damagaram da Matamaye da Kano kafaɗa da kafaɗa, ba na son bakin abokaina ya saba da kirana da wannan suna. Wata rana tela zai hango ni a kara ya ɗaga murya, kafin in yi bayani an gama da ni.

Mai magani kuwa shi suka so su ɗora mini, kamar yadda ake tura yaro mai ƙiba gola. Kowa na son a sami mai ɗaure masa rauni, ba mai son ya zama shi. Malamin firamare har da wa'azi, wai aikin lada ne. Na ce Malam, ladan ya yi maka, ajiye bakan ka ɗauki ƙaho da aska. Ya yi shiru yana gyara tabarau.

Ni da farko dillali na so. Na tambaya ko akwai shi a littafin, yaron ya duba ya ce babu, sai dai a haɗa sana'a biyu, rabi maroƙi rabi ɓarawo. Dillalan kara da ke karanta wannan, ba ni na faɗa ba, littafin Amurka ne, ku kai ƙara can. Ni dai na sha tsayawa ina kallon yadda ɗayanku ke kama hannun mai saye ya ja shi gefe, ya koma ya raɗa wa mai sa a kunne, wannan ya ce albarka, wancan ya juya kamar zai tafi, a ƙarshe a sallama, kowa na ganin shi ya ci riba, ku kuma la'ada ta shiga aljihu. In wannan ba sihiri ba ne, to ban san sihiri ba.

Daga nan ne idona ya faɗa kan maroƙi, na ce a karanta mini shi dalla-dalla. Jama'a, wanda ya rubuta shafin nan kamar ya taɓa zama a ƙofar fada. Ƙarfin maroƙi duk a kwarjininsa yake. In abokin tafiya zai yi wani abu mai wuya, sai ya yi masa kirari, a ba wancan ƙarin ɗan lido mai fuska 6 ya haɗa da nasa. Wanda ya taɓa ganin ɗan dambe ya ji kalangu ya kama tsuma ya san ba ƙarya aka rubuta ba. Yana iya tayar da wanda ya faɗi da magana kawai, ga mai maganin da ake nema an samu a ɓagas. Sannan ga wanda ya kashe ni da dariya: yana da wani makami da ba komai ba ne sai zambo. Ya dubi dodo ya ci masa mutunci, in dodon ya kasa daurewa, lafiyarsa ta ragu, kuma saransa na gaba sai ya jefa ɗan lido sau biyu a ɗauki mafi ƙanƙanta. Wato zagi ya sa hannunsa rawa. Mu da muka tashi a jihar da ta haifi Mamman Shata, wa zai koya mana cewa zambo na karya ƙato? Manya da rawunansu sun fi tsoron bakinsa a kan sammaci.

Ƙanena ne ya fara tsalle. "Haba Yaya, gidanmu gidan malamai, ka rasa abin zama sai maroƙi?" Na san da yawanku kuna bayansa. Ku ne masu cewa roƙo ba sana'ar ɗan asali ba ce, ku ne kuma in an yi biki maroƙi ya tsallake sunan kakanku, ba kwa barci. Shatan nan Jami'ar Ahmadu Bello ta ba shi digirin girmamawa, ya rasu a 1999 ana ce masa Dakta, har yau kuma in an sa shi a mota ba mai cewa a rage. Na ce da ƙanena, kai da kake barde wata bakwai, ko jaki ka taɓa hawa bai kayar da kai ba? Kowa da kiwon da ya karɓe shi.

Aka zo rabon halitta. Siffa shida ake aunawa: ƙarfi, zafin nama, juriya, ilimi, hankali, kwarjini. Kowacce a jefa 'ya'yan lido huɗu, a yar da ƙaramin, a haɗa ukun. Mafi girman abin da na samu 16, na zuba shi a kwarjini. Mafi ƙanƙanta 8, na ba ƙarfi. Tela ya leƙa takardar ya ce wannan ko tulun ruwa ba zai ɗauka ba. Na ce ai shi ya sa Allah ya yi ka.

Litinin da ta biyo baya ayari ya isa wani birni mai ganuwa, magariba ta yi, Sarkin Ƙofa ya rufe ya ce ba mai shiga sai da safe, ga kuraye na kuka a baya. Mu mutanen bakin iyaka mun san rufaffiyar ƙofa. Mun ga Kwangwalam lokacin da aka rufe boda a Agustan 2019, mun sake gani a 2023 bayan juyin mulkin Nijar, mun kuma san ƙarfin tuwo bai taɓa buɗe ta ba. Duk da haka tela ya fara naɗe hannun riga, mai caji na tambayar kaurin ƙyauren. Na ce kowa ya zauna.

Ɗan yayata ya ce, "Kawu, ba a cewa na yi masa kirari kawai. Sai ka yi mun ji."

Na dubi hagu na dubi dama. Mai shayi ya bar firfita wuta, wasu 'yan acaɓa biyu sun kashe mashin. Na miƙe a kan tabarma, na gyara babbar riga, na toshe kunne ɗaya da yatsa, na ɗaga murya: "Ƙyaure uban gari! Mai kwana a tsaye don talaka ya kwana a kwance! Sarki na da gari, kai kake da mabuɗi!" Wani kare ya amsa daga bayan masallaci. Ƙanena ya rufe fuska da hula.

Na jefa mai fuska 20. Ya gangara, ya bugi ƙafar kofin shayi, ya tsaya a kan 17. Da ƙarin 3 na kwarjini da 2 na gwaninta, 22. Yaron ya duba takardarsa ya yi ajiyar zuciya, ya ce Sarkin Ƙofa ya buɗe, har ya aika gida a kawo wa baƙi fura. Wata bakwai, wannan ne garin farko da muka shiga ta ƙofa.

Tela ya tashi, ya laluba aljihu, ya zaro naira hamsin ya liƙa mini a goshi. Masu cewa caca muke yi, ku rubuta, wannan ne kuɗin farko da ya taɓa shiga wasan nan. Bai ma daɗe ba. Mai shayi ya miƙo hannu ya ɓare ta daga goshina, ya ce saura ɗari uku da hamsin a bashin makon jiya.