Sashen da ba ya zuwa cefane

Masu rubuta manhaja suna da wata dabara: kada wani sashe ya nemo kayan aikinsa da kansa. Ya zauna kamar amarya, a kawo masa cefane har ɗaki. Yana son rumbun bayanai? Ya faɗa kawai, wani zai miƙo. Martin Fowler ya yi dogon rubutu a kan haka a 2004, shekarar da Spring na Rod Johnson, mai yi wa sassa wannan rabon, ya fito a cikakkiyar sigarsa ta farko. Google ta biyo da nata mai rabon, Guice, a 2007.

Ranar gwaji abin yana da daɗi. A miƙo rumbun bogi, sashen ya karɓa hannu bibbiyu, bai san an yi masa wayo ba.

Rigimar tana wajen mai rabon. A farkon zamanin Spring, sai ka cika fayil na XML da bayanin wa za a ba me. Ka kuskure harafi ɗaya, babu mai ce maka uffan sai an kunna manhajar, ta zazzago ƙorafi layi bayan layi, ainihin laifin yana can ƙasa.

Wata rana kuma sassa biyu kowanne ya kafe sai an kawo masa ɗan'uwansa tukuna. Spring ya duba dama, ya duba hagu, ya ƙi tashi.