Ko Gaɗa Ba a Iya Ba, Balle Bale

Wayata ce ta ja mini. Wani dare Ummi, 'yata mai shekara bakwai, ta ci karo da bidiyon yaron nan na Legas, Anthony Madu, wanda aka ɗauka a 2020 yana juyi kamar katantanwa cikin ruwan sama, ko takalmi babu, har abin ya kai shi makarantar rawa a Ingila. Sau tara ta kalla. A na goma ta ce, "Abba, ni ma bale zan koya."

Uwarta ta ce, "Ko gaɗa ba ki iya ba, balle bale." Ni kuwa bakina, wanda bai saba shawara da ni ba, ya ce, "Gobe zan nemo miki makarantar."

A Obi fa muke. Garin da in doya kake nema ko riɗi ko agushi, kafin ka rufe baki an cika maka buhu.

Hajiya, mahaifiyata, ta tambaye ni wace irin rawa ce. Na gyara zama na ce rawar manya ce, Sarkin Faransa Luwis na 14 ya kafa mata makaranta tun 1661, shi da kansa ma yana takawa. Ta ajiye carbi ta ce, "Sarki da rawa? To fadawa kuma me suke yi? Allah ya kyauta."

Da safe na tsayar da ɗan acaba. "Ka san inda ake koyon bale?" Ya ce, "Haba Alhaji, hau mu je." Bai tsaya ko'ina ba sai filin firamare, inda yara ke ta tayar da ƙura. "Ga bal nan." Na ce ba bal ba, bale. Ya ce, "Au, bel! Ka ce gwanjo." Sai kasuwa, gaban wani ɗan kasuwa da ya kwance sabuwar dila. Kafin in gama bayani ya liƙa mini wata rigar yara mai tattara, buɗaɗɗiya kamar lema. Na biya, don kunya.

Sai a lokacin dabara ta zo mini na nuna wa ɗan acaban bidiyon. Ya ce, "Ashe rawa ce! Ai masu lanƙwasa jiki Tibi ne." Muka ratsa gonakin doya har wani ƙauye a bayan gari, muka tarar ana gwajin rawar Swange saboda wani biki. Ganguna na tashi, maza da mata sun ɗaura zanen nan nasu mai ratsin baƙi da fari, jiki na malala tun daga kafaɗa har gwiwa kamar an zare musu ƙashi.

Shugabarsu, wata dattijuwa, ta kalli bidiyon da kyau ta ce, "Yaron yana da ƙoƙari, amma ƙugunsa a daskare yake." Ta ce za ta karɓi Ummi, sai dai tana so ta fara ganin jinin gidan. Na ce, "Mama, ni rakiya na yi." Ina! An riga an ɗaura mini zane a kan kaftani.

Gaskiya taku uku na farko na burge kaina. A na huɗu aka ce a yi ƙasa. Na yi ƙasa, ni da tumbina da shekaruna arba'in da shida, sai na ji ƙas a gadon baya. Na tsaya a duƙe, hannu ɗaya a sama, ba gaba ba baya. Su kuwa suka ɗauka sabon salo ne. Makaɗi ya matso kaina yana ƙara wuta, mata na guɗa, wata ma ta manna mini naira hamsin a goshi. Ina cewa "Wayyo bayana," ana amsawa kamar amshi.

A bayan motar doya aka mayar da ni gida, a kwance rub da ciki. Maman Ummi tana shafa mini man zafi, kafaɗunta na rawa, wai tari ke damunta. Ummi ta sa rigar lema ta juya sau biyu, jiri ya kwashe ta, ta tashi ta ce, "Abba, na fasa. Keke nake so."

Kwana tara na yi ina salla a zaune. Yanzu kuma na ji ɗan acaban nan ya ɗauki abin a waya. Duk wanda bidiyon ya iso gare shi, don girman Allah ya goge, ina da surukai a Lafiya.