Kasuwar da ba a taya kaya

Manchesta, Ingila

Yaya,

Saƙonka ya iso. Na ji batun katangar da ta zube da batun taki, na kuma tura abin da ya sawwaƙa ta hannun mutumin da ka sani. Maganar gonar bayan gari kuwa ku bar ta sai na zo. Eh, sai na zo na ce. Gyara zama, ƙaninka ya sayi tikitin jirgi, kuma wahalar sayensa ce ta sa na ɗauki alƙalami.

Kai da kake cika baki a Dawanau cewa ba a haifi wanda zai kwashe ka a ciniki ba, ina ma ka zo ka ga kasuwa. Ba rumfa, ba mai kaya, ba wanda za ka ja gefe ku yi ƙus-ƙus. Waya ce kawai a hannunka. Akwai shafuka irin su Skyscanner da Google Flights, su ne dillalan, sai dai ba su san gaisuwa ba. Ka rubuta musu MAN zuwa KAN, wato Manchesta zuwa Kano, kafin ka yi hamma sun jero maka jiragen duniya da kuɗinsu, daga mai sauƙi har wanda in ka gani sai ka yi salati.

Da farko na ga fam 700 da 'yan kai, zuwa da dawowa. Kada ka buga shi da naira, ka san jikinka. Na shiga neman wurin da ake tayawa. Na duba sama, na duba ƙasa, babu. Ko wanda zai ce mini albarka in ji sanyi a raina, babu. Sai na tuna da dabarar Baba ta sayen rago: ka ɓata fuska, ka kushe kaya, ka kaɗe riga ka kama hanya, mai kaya da kansa zai biyo ka yana "dawo Alhaji, kawo kuɗin." To, na ɓata fuska ni kaɗai a ɗaki. Na ce wa wayar ai jirgin ma daga gani tsoho ne. Na kife ta a kan katifa, na tafi na dafa shayi, har da jan lokaci wajen juya sukari don ta san ban matsu ba. Da na dawo na tarar an ƙara fam 60.

Ba a nan ta tsaya ba. Ta rubuto da jan rubutu wai saura kujera biyu a wannan farashin, kuma wai akwai wasu mutane da ke kallon wannan tafiyar a daidai wannan lokacin. Su wane ne? Wa na gaya wa? Yaya, sai da na tashi na leƙa taga. Wane Bature ne ya kwana da niyyar zuwa Rijiyar Zaki? Zargina ya faɗa kan wani Bazazzagi da muke aiki tare, don ka san halinsu, ko ba inda za su sai sun ɓata wa Bakano ciniki.

Shi ne kuwa ya warware mini zancen, bayan ya gama yi mini dariyar ƙauyanci. Ashe kujerun jirgi ɗaya, masu faɗi ɗaya, masu zuwa gari ɗaya, an kasa su rukuni-rukuni. 'Yan kaɗan ake sa wa araha, da sun ƙare sai kwamfuta ta buɗe na gaba da ƙarin kuɗi, a haka har a kai na masu hannu da shuni. Tana kuma lura da kalanda: hutun 'yan makaranta na Yuli da Agusta, da lokacin Kirsimeti, nan take hawa bori. Ke nan mai yiwuwa wanda ke gyangyaɗi a kafaɗarka rabin kuɗinka ya biya. Ka gwada wannan a rumfarka mu gani. Buhun gero ɗaya, kwanon farko kuɗi kaza, na goma ninki biyu, don kawai ka ga mutane sun taru. Kafin la'asar kana gaban sarkin kasuwa. A nan kuwa ilimi ne, har digiri ake yi a kansa.

Kuma kada wani ya sake ce maka Turawa ba su da camfi. Wata mata a wurin aikinmu ta rantse mini sai daren Talata tikiti ke sauka. Wani ya ce in ɓoye kaina a intanet, wai in kwamfutar ta gane ni ne na dawo za ta san ina so, ta ƙara. Wani ya ce in ari wayar maƙwabci. Duk na yi. Na riƙa tashi cikin sulusin dare, in yi alwala, in yi nafila, in shafa addu'a, sannan in buɗe waya a hankali kada ta farga. Ka gaya wa Inna ɗanta ya zama mai tsayuwar dare, amma kada ka faɗa mata dalili. Abin da na ga ya yi aiki dai biyu ne: sayen da wuri, da matsar da ranar tafiya gaba ko baya, don Asabar da Laraba ba kuɗinsu ɗaya ba. Akwai kuma wurin da za ka danna su riƙa aiko maka da labari duk lokacin da farashi ya motsa. Na danna. Yanzu a duk faɗin garin nan ba mai tuna ni da asuba sai su. "Kano ta sauka da fam 12." In ce alhamdu lillahi, ya mutanen gidan?

Sai babbar rigima, rana. Na tambaye ku yaushe ne ɗaurin auren Auta, Kawu ya aiko mini da murya mai tsawon huɗubar Juma'a, ƙarshenta dai "bayan Babbar Sallah da kamar sati biyu, in Allah ya kai mu." Yaya, na duba akwatin nan ciki da bai, babu gurbin "bayan Sallah," babu na "in Allah ya kai mu." Lamba take so. Na so in yi mata bayanin cewa mu Sallar ma sai an ga wata, sai Sarkin Musulmi ya yi sanarwa daga Sakkwato, amma wa zai saurare ni? Ga shi tikitin mai araha ba a mayar da kuɗinsa, canjin rana kuma tara ce mai zafi. Haka na ƙirga da yatsu, na ƙara kwanakin da na san dangin ango za su ɓata wajen haɗa lefe, na rufe ido na zaɓa.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne hanya. Mu da muka tashi jirgi na katse mana hira a tsakar gida, sai mun yi shiru ya wuce sannan Baba ya ƙarasa faɗansa. Mu da muka yi ta bin jirgin alhazai da gudu a gonakin Ungogo muna ɗaga masa hannu. Garin da jirgin sama ya fara sauka a cikinsa tun 1925, filinmu na Malam Aminu Kano ya girmi duk na ƙasar. Baba yana ba da labarin zamanin Nigeria Airways da ake tashi daga Kano sai Landan, KLM ma tana zuwa har 2012. Yau in kana son Kano daga nan sai ka zaɓi ƙasar da za ka fara kai wa ziyara: Ethiopian ta kai ka Addis Ababa, Qatar Airways ta kai ka Doha, EgyptAir ta kai ka Alƙahira. Ko ka gangara Landan ka hau mai zuwa Abuja, wajen awa shida, ya ratsa Sahara, ya bi ta saman ƙasar Hausa kana ji kana gani, ya dire ka can, sannan ka dawo baya ta Kaduna da Zariya. Akwai wani mai arahar gaske da na gani, an ɗinka shi daga tikiti daban-daban, da kwana a benci, da wata tsayawa a Turai wadda koren fasfonmu sai ya nemi biza kafin a bar shi ya zauna a kujerar jira. Kaka da ya tafi Makka a ƙasa ta Chadi da Sudan, shi ko ba komai ya dawo da sunan Alhaji. Ni in na bi wannan da ciwon baya kawai zan dawo.

Na zaɓi na Addis. Na ce shi ke nan, ciniki ya faɗa. Ina! Shafin dillalin da na bi ta kansa ya fara fito da 'ya'yansa ɗaya bayan ɗaya. Kana son zaɓen kujera? Kawo kuɗi. Inshora? Kawo kuɗi. Saƙon waya da zai tuna maka ranar tafiya? Kawo kuɗi, sai ka ce akwai ranar da nake mantawa. A wurinmu in an gama awo mai kaya ne ke ƙara gyara, a nan kai ne za ka ƙara masa. Ga agogo a gefe yana ƙirga mintoci, wai in ya ƙare farashin ya tashi. Ina rubuta sunana harafi-harafi yadda yake a fasfo, don kuskuren baƙi ɗaya ma kuɗi ne, zufa na keto mini a garin da ruwan famfo ke yanka hannu. Na danna. Banki ya aiko da lamba, na saka. Shiru. Sai ga tikiti a imel. Ba musafaha, ba "Allah ya amfana," ba ko goro. Na miƙe tsaye ina neman wanda zan gaya wa, sai na tuna duk gidan sun tafi aiki. Kuɗin dai guminmu ne, na aikin dare a gidan kula da tsofaffi, ko sisi ban ranta ba. Wannan layin ka karanta wa Baba da ƙarfi.

Yanzu batun tsaraba. Jaka biyu aka ba ni, kowace kilo 23, kuma ma'auninsu bai san zumunci ba. Bargon Gwaggo kaɗai ya cinye rabin ɗaya. Yaranka da suka aiko da jerin rigunan Manchester United, ka gaya musu ta asali a nan kuɗinta ya kusa na tunkiya, kuma na ga irinta sak a Kantin Kwari, a can za mu saya in cire ledar a mota. A dawowa kuma Inna ta daina tanadar mini kilishi da man shanu, dokar ƙasar nan ta hana shigo da nama da kayan nono daga wajenmu. Kuka da busasshiyar kuɓewa da yaji su za su cika jakar. Kilishin a zaune zan ci na shekara.

Ranar isowa zan turo maka kai kaɗai. Kada a ɗauko hayar bas, kada a kwaso unguwa, tafiyar da ko a daidaita sahu ba ta kai a ɗumama kujera ba. Kai da Auta kun isa. Sannan ka je ka sami Kawu, cikin ladabi, ka ce masa ranar nan ta zaunu, an biya ta da fam. In dangin ango suka zo da zancen ɗagawa, ni zan shimfiɗa tabarmi a ƙofar gida in kira liman in raba alawa, ango ya zo ko kada ya zo.

A gaida Inna da kyau, a ce mata ina cin abinci. A gaida matarka, ta fara jiƙa gero.

Ƙaninka na Ingila