Masu Neman Aiki, Kowa da Irin Takardarsa

Duk wanda ya taɓa zama a kwamitin tantance masu neman aiki ya san takardu ma suna da hali. Gurbi ɗaya za a cike, amma sai an kawo ambulan cike da kwali. Kafin a kai rabin kwalin mutum ya fara gane masu su, tun bai ga fuskar kowa ba.

Akwai mai ba da tarihi. Shi CV ɗinsa daga ranar suna yake farawa. Shafi shida: unguwa da sunan mai unguwa, makarantar allo, firamaren da ya riƙe monita a aji huɗu, tsawonsa, rukunin jininsa. Akanta ake nema, kuma ya karanci aikin, har ya shekara biyu yana riƙe da littafin kuɗin wani kamfanin casar shinkafa. Sai dai wannan bayanin yana can shafi na biyar, a ƙarƙashin labarin cewa yana sha'awar karatu da tafiye-tafiye. Mai dubawa kuwa tun a shafi na biyu aka kira sallah. Da ya taƙaita a shafi ɗaya ko biyu, ya ɗora kamfanin shinkafar a sama, da tuni an kira shi.

Sai mai aro. Shi bai rubuta komai ba. Shagon buga takardu na bakin ƙofar jami'a ya je, ya ce wa yaron shago, "Abokina, a haɗa min CV mai zafi." Yaron CV guda ɗaya tal gare shi a kwamfuta, suna kawai yake sauyawa. Shi ya sa za ka tarar da mutum 40 duk masu ƙwazo ne, duk suna iya aiki ba sai an tsaya a kansu ba, har kuskuren rubutunsu iri ɗaya. Ranar da yaron ke sauri kada man janareta ya ƙare, sai ka ga ƙato da gemu a hoto, a gurbin jinsi an rubuta mace. Ƙanensa na zamani kuwa, ChatGPT ne ya tsara masa wasiƙa. Turanci sumul, amma wurin da aka ce ya sa sunan kamfani yana nan yadda aka bar masa.

Mai kuka ba ya ambaton aikin ma. Shi maraya ne, ƙannensa tara, mai gidan haya ya ba su wa'adi, don girman Allah a taimaka. Sau da yawa duk gaskiya ne, kuma sai ka ji zuciyarka ta karye. Amma tambaya ɗaya ce a gaban kwamitin: wa zai iya aikin nan? Shi kuwa ya cika shafi bai amsa ta ba, kamar hukumar zakka ya rubuta wa.

Wanda ya fi ba ni nishaɗi shi ne wanda shekarunsa suka ƙi tafiya. Ba shi kaɗai ke da laifi ba. Hukumar NYSC, da aka kafa a 1973, ba ta tura wanda ya haura shekara 30 lokacin gama karatu bautar ƙasa, takardar yafewa take ba shi. Bankuna kan ƙayyade shekarun sababbin ɗauka. Ma'aikacin gwamnati kuma yana ritaya da ya cika shekara 60, ko ya yi 35 yana aiki. To ga yajin aikin malaman jami'a, ga zaman jiran aiki, sai kawu ya tafi kotu ya rantse cewa a gabansa aka haifi yaron a 1998. Matsalar ita ce ba a gaya wa takardar WAEC ba, tana nan tana cewa ya zauna jarrabawa a 2007. Wato yana ɗan shekara tara ya gama sakandare. BVN na da tasa ranar, NIN na da tasa. Da furfura a gemu zai shigo intabiyu, a tambaye shi ranar haihuwa, ya ɗaga kai sama yana lissafin wacce ya rubuta a wannan karon.

Wani kuma komai nasa daidai, sai dai lambar wayarsa a kashe take, adireshin imel ɗinsa kuma sunan da budurwa ke kiransa ne. Masu ba da shaida a kansa: wani sanata da bai san da shi a duniya ba, da wani malami da ya rasu bara waccan.

Akwai wadda takardarta ke ba ni haushi, don ita ce ta cancanta. Tarbiyya ta koya mata cewa yabon kai jahilci ne, sai ta rubuta ba ta da gogewar aiki. A intabiyu, da ƙyar da jan magana, ake jin cewa shekara uku tana tafiyar da shagon POS, kullum da dare sai ta daidaita lissafi kafin ta rufe, kuma ita ke rubuta wa mahaifinta bashin 'yan sari a Kantin Kwari. A Islamiyyar unguwa aji guda ne a hannunta. Ka ce mata, "Malama, me ya hana ki rubuta duk wannan?" Sai ta sunkuyar da kai ta ce ai ba aikin ofis ba ne. Layi uku ya ishe ta: abin da ta riƙe, tsawon lokacin, da yawan kuɗi ko mutanen da suka bi ta hannunta. Irinta da yawa ba sa ma kaiwa ga intabiyun.

Shi kuwa mai uwa a gindin murhu, takardarsa ba ta shiga kwali. Bayan an rufe karɓa da mako biyu direba ke kawo ta. Rabin shafi ce, babu sa hannu, an ma kuskure sunan ma'aikatar, amma an maƙala mata ɗan kati mai rubutu da koren biro. Shugaban kwamiti ya karanta katin sau biyu, ya gyara hula, ya dubi sakatare.

"Malam sakatare, gurbi nawa ma muka ce?"

"Ɗaya ne, ranka ya daɗe."

"To, a rubuta wa sauran cewa za a neme su."