Wai Da Jaki Ya Zama Farfesa

Na san amsarku tun ban rufe baki ba. Da an ce masu bincike sun gano motsa jiki na gyara ƙwaƙwalwa, sai wani daga ƙarshen benci ya gyara zaman hula ya ce, "To ai da tuni jaki ya zama farfesa." A bushe da dariya, a tafa, a ƙaro shayi. Mai wannan magana kuwa, in kun lura, shi ne wanda ke aiken yaro ya sayo masa katin waya a shagon da ke tsallaken titi, in kuma zai je masallacin Juma'a na bayan layi sai ya ta da mota. Ranka ya daɗe Alhaji, ba da kai nake ba, da na kusa da kai nake.

Tunda dariya kuke so, mu fara da ɓera. A 1999, a Cibiyar Salk da ke Kalifoniya a Amurka, Henriette van Praag da Gerd Kempermann da Fred Gage suka sanya wa ɓeraye wata 'yar taya mai juyawa a cikin keji. Ba wanda ya bi su da bulala. Shi ɓera in ya samu wannan taya, da dare ya yi sai ya ɗare ta ya yi ta sheƙa gudu yana nan wuri ɗaya, kafin gari ya waye ya ci kilomita da dama. Da aka duba ƙwaƙwalwar 'yan gudun, sai aka tarar sababbin ƙwayoyin da suka tsiro a wani sashe nata mai suna hifokamfas sun kusan ninka na ɓerayen da ke kwance suna cin abinci kawai. Wannan hifokamfas ɗan lanƙwasasshen abu ne a can ciki, ɗaya a dama ɗaya a hagu, kuma shi ke riƙe sabon abin da aka koya, shi ke haddace hanya. Shi ne ke ba ka kunya in ka tsaya a tsakar gida kana lalube aljihu kana tambayar Hajiya ina makullinka. Yana kuma cikin wuraren da cutar Alzheimer ke fara ci. Tun kafin nan, a 1995, ɗakin gwajin Carl Cotman a Jami'ar Kalifoniya da ke Irvine ya nuna cewa gudu na ƙara wani sinadari da ake kira BDNF a ƙwaƙwalwar ɓera, wanda aikinsa shi ne raya jijiyoyin ƙwaƙwalwa da ƙarfafa mahaɗarsu.

"Malam, mu ɓeraye ne?"

A'a, Allah ya kiyaye. Ɓera ya fi ku son gudu. Amma tambayar tana kan hanya, domin su kansu masanan ba su gama sasantawa ba kan ko ƙwaƙwalwar babban mutum na ci gaba da tsiro da sababbin ƙwayoyi. A 2018 kaɗai, masu bincike a San Faransisko suka ce sun duba ba su ga wani abin kirki ba a ƙwaƙwalwar manya, su kuma na Jami'ar Kolambiya a Niyok suka ce sun gani har a ta tsofaffi. Shekara ɗaya, amsa biyu. Ku riƙe wannan, na ba ku kyauta.

To mu bar ɓera mu koma kan tsararrakinku. A 2011 Kirk Erickson da Arthur Kramer da abokan aikinsu suka fitar da sakamakon wani gwaji da suka yi da dattawa 120 a Amurka, masu shekara 55 zuwa 80, waɗanda duk zama ya fi yawa a rayuwarsu. Aka raba su gida biyu ta hanyar ƙuri'a. Rabi aka sa su tattaki sau uku a mako, rabi kuma aka sa su miƙe-miƙen gaɓoɓi. Ku dubi yadda aka lallaɓa su: makon farko minti 10 kacal, kowane mako a ƙara minti 5, sai a mako na bakwai suka kai minti 40, suka tsaya a nan har shekara ta zagayo. Ba gudu, ba ɗaga ƙarfe, ba wandon da zai zubar wa dattijo da girma. Tafiya ce da ɗan sauri, irin wadda ake yi in an ji liman ya kusa ruku'u. An ɗauki hoton ƙwaƙwalwarsu da na'ura a farko, a tsakiya da ƙarshe. Hifokamfas ɗin masu tattaki ya ƙaru da kusan kashi 2 cikin 100, na ɗaya ɓangaren kuwa ya ragu da kimanin kashi 1.4. Na ga wani ya taɓe baki, wai kashi 2 me zai yi. Yallaɓai, a irin shekarunka wannan sashe raguwa yake yi da kashi 1 zuwa 2 duk shekara ko ba ka da ciwon komai. Wanda ya samu ƙarin kashi 2 ya ƙwato shekara ɗaya ko biyu ke nan daga hannun tsufa. Sai dai da aka zo gwajin tuna abu, duka ɓangarorin biyu sun samu ci gaba, masu tattakin ba su yi wa masu miƙar fintinkau ba. 'Yan jarida da yawa sun tsallake wannan layi, ni kuwa ban tsallake ba, don kada gobe ku ce na yi muku rufa-rufa.

Yanzu jakin naku. Ba wanda ya ce wahala ce ke kawo basira. A Danmak, Andreas Holtermann da abokansa sun bibiyi mutane sama da 100,000, suka ga cewa motsa jikin da mutum ke yi don kansa a lokacin hutu na tafiya da raguwar ciwon zuciya, amma aikin ƙarfi na neman abinci, wanda ake wuni ana yi ba hutu, ba ya ba da wannan riba. Dalilin a fili yake. Mai tattaki na ta da bugun zuciyarsa na ɗan lokaci, ya koma ya huta, jiki ya gyara kansa. Ɗan dako da ɗan garuwa kuwa daga safe har magariba jijiya a ɗaure take, gobe ma haka, ga rana, ga ƙarancin abinci mai kyau. Saboda haka ku daina fakewa da su, ku da nauyin da kuka fi ɗauka a wuni shi ne na waya.

Wani zai ce, to wa ya sani ko masu kaifin kan ne dama suka fi son motsa jiki? Wannan ya fi maganar jaki ma'ana. A Suwidin an duba bayanan samari kimanin miliyan 1.2 da aka haifa daga 1950 zuwa 1976, waɗanda aka auna lokacin ɗaukar soja suna da shekara 18. Sakamakon da Maria Åberg da abokanta suka wallafa a 2009 ya nuna masu dogon numfashi sun fi cin gwajin basira, kuma abin ya fito har tsakanin tagwaye masu kama ɗaya, waɗanda gadonsu ɗaya, gidansu ɗaya. Ƙarfin damtse kuwa bai nuna irin wannan alaƙa ba. 'Yan ɗaga ƙarfe masu matsattsun riguna, ku yi haƙuri, ba ni na ce ba.

Iyaye da shugabannin makarantu da ke ganin wasa ɓata lokacin karatu ne, ku ma ga naku. Charles Hillman a Jami'ar Ilinoi ya sa yara 'yan shekara tara zuwa goma tafiyar minti 20 a kan na'urar tattaki, wata rana kuma ya zaunar da su na minti 20. Bayan tafiyar sun fi mayar da hankali, sun kuma fi gane abin da suka karanta. Yara 20 ne kawai a wannan gwaji na 2009, don haka ba abin buga ganga ba ne, amma ya sake wani da yara 221 na tsawon wata 9, ya wallafa a 2014, ya ga masu wasannin bayan tashi daga makaranta sun fi iya tsare hankalinsu. Makarantar da ta gine filin wasanta da azuzuwa don ƙara kuɗin shiga ta san abin da ta sayar.

To ga inda za ku yi guɗa. Abin nema ya samu, matar falke ta haifi jaki. A 2023 Luis Ciria da Daniel Sanabria na Jami'ar Granada a Sifaniya suka tattaro gwaje-gwaje 109 da aka yi da masu lafiya sama da 11,000, suka tace su. Suka ce in aka cire ƙananan gwaje-gwaje masu rauni, aka kuma yi la'akari da cewa sakamako mai daɗi ya fi samun shiga mujalla, ribar da ta rage wa basira 'yar kaɗan ce, har ana iya musunta ta. A Ingila kuma, a 2018, gwajin da Sarah Lamb ta jagoranta da mutane 494 da cutar mantuwa ta riga ta kama ya nuna motsa jiki ya ƙara musu ƙarfin jiki amma bai tsayar da mantuwar ba. Ni ma ina ganin an yi zuzutawa. Duk wanda ya ce maka gudun safe zai sa ɗanka ya ci jarrabawar da bai yi wa karatu ba, takalmi yake son sayar maka.

Amma kafin guɗar ta yi nisa, ku sake karanta na Ingilan. Abin da ya nuna shi ne ba a fafe gora ranar tafiya. Kwamitin mujallar Lancet kan cutar mantuwa ya lissafa abubuwa 12 a 2020 waɗanda za a iya kauce musu, ya ce suna da hannu a kusan kashi 40 cikin 100 na masu cutar. A ciki akwai rashin motsa jiki, hawan jini, ciwon suga da ƙiba. Ƙwaƙwalwa ba ta wuce kashi 2 cikin 100 na nauyin jiki ba, amma tana shan kusan kashi 20 na kuzarinsa, kuma duk ta jijiyoyin jini yake isa gare ta. Wanda ya bar jijiyoyin nan suka toshe, ba sai an kira farfesa ya gaya masa abin da shanyewar ɓarin jiki ke yi wa magana da tunani ba, kowa a nan ya je dubiya. Hukumar Lafiya ta Duniya minti 150 zuwa 300 take nema a mako daga babba, minti 60 a rana daga yaro. Muhawarar siyasa ɗaya a wannan benci ta fi haka tsawo.

Saura masu cewa ɗan ƙwallo ba shi da komai a ka. Horo na sassaƙa ƙwaƙwalwa, amma daidai wurin da aka horar. A Regensburg ta Jamus an koya wa wasu matasa cilla ƙwallaye uku sama suna cafewa. Bayan wata uku, sashen da ke bin motsin abu da ido ya ƙara kauri, da suka bari na wata uku kuma ya fara komawa. Bogdan Draganski da Arne May ne suka wallafa wannan a 2004. Bayan shekara goma, Eiichi Naito a Japan ya kwantar da ɗan ƙwallo Neymar cikin na'urar hoton ƙwaƙwalwa ya ce ya riƙa juya idon sawunsa. Wurin da ya kunnu a ƙwaƙwalwarsa ya fi na sauran 'yan ƙwallo da masu ninƙayar da aka gwada ƙanƙanta. Kada ku yi saurin dariya. Haka tsohuwa ke tuƙa tuwo tana ba da labari tana tsawata wa jika, alhali amarya ta haɗa gumi ta kasa amsa sallama. Ƙafar Neymar ba ta cin masa tunani, sai ya samu sarari ya karanci mai tsaron baya. Ko wannan zai sa ya iya lissafin aljabara, wannan kuma wata magana ce.

Inda nake tare da ku ɗari bisa ɗari shi ne batun duka a ka, ko da yake a nan ne ba ku da shakka ko kaɗan, ku ne ma masu ihu a gidan dambe in an yi kisa. Tun 1928 likita Harrison Martland ya bayyana yadda tsofaffin 'yan damben boksin ke komawa suna tangaɗi da rawar hannu. Bennet Omalu, likita haifaffen Najeriya da ke aiki a Pittsburgh a lokacin, shi ya duba ƙwaƙwalwar Mike Webster, tsohon ɗan ƙwallon zari-ruga irin ta Amurka da ya rasu a 2002 yana da shekara 50, ya gano lalacewar da yawan gwara kai ke bari, ya wallafa a 2005, masu harkar wasan suka yi masa ca. A 2019 Willie Stewart na Jami'ar Glasgow ya bi bayanan tsofaffin ƙwararrun 'yan ƙwallon Sukotlan 7,676. Ciwon zuciya bai kashe su kamar sauran jama'a ba, amma mutuwa ta cututtukan lalacewar ƙwaƙwalwa ta ninka ta sauran kusan sau uku da rabi. Da aka rarrabe su bisa gurbi, masu tsaron baya, waɗanda suka fi sa kai, su suka fi shan abin, masu tsaron gida kuwa ba su bambanta sosai da mutanen gari ba. Amurka ta hana yara 'yan shekara 10 zuwa ƙasa sa wa ƙwallo kai tun 2015, Ingila ma ta hana shi a atisayen 'yan firamare a 2020.

Don haka kocin unguwa da ke jera 'yan yara da yamma yana cilla musu busasshiyar ƙwallo suna karɓa da goshi, a ja masa kunne. Wanda kuma ya ji wannan ya ce shi ke nan ya fasa tattakin da bai taɓa farawa ba don gudun gwara kai, a tambaye shi da wa zai gwara kan tsakanin ƙofar gidansa da bakin kasuwa.